Darasi: Zaɓen Saiti Wajen Nazarin Hoton Aikin Ƙwaƙwalwar Ɓera

Hoton aikin ƙwaƙwalwa, wanda masana ke taƙaitawa da fMRI, hanya ce ta gano sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki a wani lokaci ba tare da an fasa kai ba. Injin ba ya ganin ƙwayoyin jijiya da kansu, jini yake bibiya. Duk inda ƙwayoyin suka tashi aiki, jini mai ɗauke da iskar oksijin yakan kwararo wurin fiye da abin da ake bukata. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka nuna cewa sinadarin himogulobin da ya rabu da oksijin yana amsa maganaɗisu daban da wanda ke ɗauke da shi. A 1990 Seiji Ogawa, a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, ya nuna ana iya ganin wannan bambanci a hoton MRI, ya kira siginar BOLD. A ƙwaƙwalwar ɓera ya fara ganin abin, sai a 1992 aka gwada shi a kan mutum.

Daga nan aikin ya karkata ga ɗan Adam, kuma manyan manhajojin nazari uku da aka fi amfani da su, wato SPM ta Landan, FSL ta Oxford da AFNI ta Amurka, an gina su ne da awon kan mutum. Kowace tana zuwa da lambobin da aka riga aka cike a gurabenta. Mai nazarin ɓera da ya danna maɓalli bai duba waɗannan lambobi ba zai samu taswira mai launi, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, amma abin da ya samu yana iya zama shirme. Wannan darasi yana bin saitin ɗaya bayan ɗaya, yana nuna abin da ya kamata a dogara da shi wajen zaɓe.

Girman kai da ƙarfin inji

Ƙwaƙwalwar baligin mutum takan kai kilo 1.3 zuwa 1.4. Ta babban nau'in ɓeran ɗakin gwaji kusan giram 2 ce, ta ƙaramin nau'in kuwa ba ta kai rabin giram ba. Injunan MRI da ake tura marasa lafiya daga Suleja zuwa gare su a asibitocin Abuja yawancinsu ƙarfin maganaɗisunsu tesla 1.5 ne ko ƙasa da haka, kuma ramin injin ya isa mutum ya kwanta. Na ɓera ƙananan ramuka gare su, ƙarfinsu kuma yakan kai tesla 7, ko 9.4, ko 11.7. Injin yana yanka ƙwaƙwalwa gida-gida, kowane gida shi ne ƙwayar hoto. A mutum faɗin ƙwayar milimita 2 zuwa 3 ne. A ɓera yakan sauka zuwa milimita 0.2 zuwa 0.5. Ana maimaita ɗaukar dukan ƙwaƙwalwar duk bayan daƙiƙa 1 ko 2, na tsawon mintoci, har a tara ɗaruruwan hotuna.

Saboda wannan tazara, masu bincike sun daɗe suna wata dabara: su ninka girman ƙwayar hoto sau goma a cikin bayanan da ke kan fayil, don manhaja ta ɗauka kan mutum aka ba ta. Dabarar tana aiki, amma tana da tarko. Duk lambar milimita da aka shigar bayan haka dole ita ma a ninka ta sau goma, kuma a mayar da ita wurin rubuta rahoto. Yau akwai manhajojin da aka yi don ɓera tun daga tushe, irin su RABIES da aka gina a Montreal ta Kanada, kuma mai farawa zai fi samun sauƙi da su.

Halin da dabbar take ciki

Kafin a taɓa kowane saiti, sai an san yadda aka kwantar da dabbar. Mutum ana ce masa ya kwanta shiru, ya kwanta. Ɓera sai an ba shi maganin barci, ko an shafe kwanaki ana saba masa da ƙarar inji da matsin wurin. Kowane maganin barci yana taɓa jijiyoyin jini, su ne kuwa tushen siginar. Isofuluren yana buɗa su, medetomidin yana matse su yana kuma rage bugun zuciya. Shi ya sa da yawa ke haɗa biyun kaɗan-kaɗan, hanyar da masu bincike a Zurich ta Suwizalan suka gwada a ƙananan ɓeraye a 2014 ta kuma bazu. Ko saurin motsa ƙafar dabbar da ɗan lantarki ya dogara da maganin: da alfa-kuloralos amsa ta fi ƙarfi a wajen bugu 3 a daƙiƙa, da medetomidin a wajen 9.

Ba a haɗa dabbobin da aka kwantar da magunguna daban a rukuni ɗaya kamar ba komai. Kuma wajibi ne a riƙa rubuta numfashi da zafin jiki a lokacin ɗauka, domin ɓeran da jikinsa ya yi sanyi ko numfashinsa ya yi ƙasa ba zai ba da sigina mai kyau ba, kuma babu saitin da zai gyara wannan daga baya.

Gyaran motsi

Ana kafe kan ɓera da sanduna a kunne da wani abu da yake cizo, don haka motsinsa kaɗan ne idan aka auna da milimita. Sai dai kaɗan ɗin ana auna shi ne da girman ƙwayar hoto. A nazarin mutum akan jefar da hoton da kai ya gusa da milimita 0.2 zuwa 0.5. Wanda ya bar 0.5 a nazarin ɓera ya yarda ke nan kan ya tsallake ƙwayar hoto sukutum ba tare da an ce komai ba. Akwai kuma wata lamba da ke ɓoye a cikin lissafin: hanyar da Jonathan Power da abokan aikinsa suka fitar a 2012 tana mayar da juyawar kai zuwa milimita bisa zaton cewa kan ƙwallo ne mai nisan milimita 50 daga tsakiya zuwa baki. A ɓera wannan nisa wajen milimita 5 ne. Idan ba a canza ta ba, za a ga juyawar ta ninka sau goma, a yi ta zubar da hotuna masu kyau.

Numfashi ma yana kawo wani ruɗani. Ƙirjin ɓera yana kusa da kansa, kuma duk lokacin da huhu ya cika da iska filin maganaɗisu yakan ɗan sauya, sai hoton ya zama kamar ya gusa alhali kan bai motsa ba. Hanya mafi inganci ita ce a zana motsin kowace dabba a kalla da ido kafin a yanke iyaka, kuma iyakar ta zama ɗaya ga dukan rukunoni.

Ɗora hoto a kan taswira

Don a kwatanta dabba da dabba, sai an lanƙwasa hoton kowacce ya hau kan taswira guda. Matakin farko shi ne ware ƙwaƙwalwa daga tsoka da ƙashi. Kayan aikin da aka yi wa mutum sukan gaza a nan, domin suna neman abu mai kama da ƙwallo, ƙwaƙwalwar ɓera kuwa doguwa ce, tsoka mai kauri ta kewaye ta. Ga kuma na'urar karɓar sigina da ake ɗorawa a saman kai, wadda ke sa saman ƙwaƙwalwa ya yi haske ƙasanta ya yi duhu. Sai an daidaita hasken tukuna. Kusa da ramukan kunne kuma hoton kan lauye ko ya ɓace saboda iskar da ke ciki, matsalar da ke ƙaruwa da ƙarfin inji.

Taswirorin da ake da su kowace da asalinta. Littafin Paxinos da Watson, wanda ya fara fitowa a 1982, daga yankakkun sassan ƙwaƙwalwa aka zana shi. Taswirar Waxholm ta 2014 ta ɓeran Sprague Dawley ce, SIGMA ta 2019 ta ɓeran Wistar ce, ƙaramin ɓera kuma yana da taswirar Cibiyar Allen da ke Seattle. Jinsi da shekarun dabba su ne ke nuna wadda za a ɗauka. Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan sun yi shekaru suna nazarin ƙirar ƙwaƙwalwar burgu, wanda ɗan'uwansa ne ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya yana shinshino nakiyoyi da cutar tarin fuka. Sashen jin ƙamshi na burgu babba ne, jikinsa kuma ya ninka na ɓeran ɗakin gwaji. Duk wanda zai ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwarsa sai ya fara gina masa taswirarsa daga hotunan burgu da yawa, domin tilasta masa hawa taswirar Wistar zai matse wasu sassa ya ja wasu.

Wani kuskure mai sauƙin aukuwa shi ne juya dama da hagu. Mutum rigingine yake kwanciya a inji, ɓera rub da ciki, don haka alamomin gaba da baya da sama da ƙasa sukan rikice a fayil. Gefe biyu na ƙwaƙwalwa kama suke, ido ba zai gane an juya ba. Maganinsa shi ne a manna wata ƙaramar alama a gefe ɗaya na kai lokacin ɗauka.

Lailayawa da tacewa

Lailayawa ita ce gauraya kowace ƙwayar hoto da maƙwabtanta don hayaniya ta ragu. SPM tana zuwa da milimita 8. Faɗin ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera gaba ɗaya wajen milimita 10 ne, kaurin ɓawonta kuma wajen milimita 1. Na babban ɓera wajen 2. Milimita 8 za ta dame dama da hagu wuri guda, sannan nazari ya ce gefen biyu suna aiki tare. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin lailayawa ya zama kamar ninki biyu na ƙwayar hoto, kuma kada ya wuce girman sashen da ake nema. Wanda ke neman wani ƙaramin curi a can cikin ƙwaƙwalwa ya rage lailayawa, ya nemi ƙarfin sakamakonsa ta ƙara yawan dabbobi ko tsawon ɗauka.

Tacewa kuwa ta shafi lokaci. Aikinta kamar na rariya ne: girman idonta ke yanke abin da zai wuce da abin da zai tsaya, kuma wadda aka tankaɗe garin tuwo da ita ba ita ce ta tace gasara ba. A nazarin ƙwaƙwalwar da ke hutawa, wanda Bharat Biswal ya buɗe ƙofarsa a 1995, akan bar kaɗawar da ke ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 100 kafin ta zagayo, wato 0.01 zuwa 0.1 Hz. A nazarin da ake motsa dabba, dole a tabbata tacewar ba ta cinye amsar da ake nema ba: idan ana motsa ƙafa sau ɗaya a minti biyu, tacewar da ke zubar da duk abin da ya wuce daƙiƙa 100 za ta tafi da rabon da aka zo nema.

Akwai abin da tacewa ba ta iya yi, kuma ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Zuciyar babban ɓera tana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, numfashinsa kuma yakan kai sau ɗaya ko fiye a daƙiƙa. Injin da ke ɗauka sau ɗaya a daƙiƙa ba ya iya bin abin da ya fi zagaye ɗaya a daƙiƙa biyu sauri. Abin da ya fi haka ba ya ɓacewa. Yakan bayyana a bayanan da kamannin kaɗawa mai jinkiri, ya faɗo daidai cikin yankin da aka ce a bari. Don haka sai an cire shi ta wata hanya, ko dai da rikodin numfashi da zuciya, ko da siginar da aka ɗebo daga wuraren da babu ƙwayoyin jijiya masu aiki.

A nan ma girma ya sake shigowa. A mutum ana ɗebo siginar hayaniya daga farin sashen ƙwaƙwalwa da ramukan ruwa, domin manya ne. A ɓera siraran ne, sau da yawa ba su kai kaurin ƙwayar hoto ba, sai abin da aka ɗebo ya haɗo da siginar gaske. Wasu sukan cire matsakaicin siginar dukan ƙwaƙwalwa. Wannan yana share hayaniyar numfashi sosai, amma Kevin Murphy da abokansa sun nuna a 2009 cewa lissafin kansa yana haifar da alaƙar saɓani tsakanin sassa. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi hanya ɗaya tun farko, a kuma nuna sakamakon ɗayar a gefe, don mai karatu ya ga ko maganar ta tsaya da ƙafarta.

Siffar amsar jini

Idan aka motsa dabba, manhaja tana neman ƙwayoyin hoton da siginarsu ta tashi ta sauka bisa wata siffa da aka ba ta. Siffar da ke cikin manhaja ta mutum ce: tana kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 5 zuwa 6. A babban ɓera amsar ta fi sauri, takan kai ƙololuwa a wajen daƙiƙa 2 zuwa 3, kuma maganin barci yana iya ja ko rage wannan. Idan motsawar doguwa ce, misali daƙiƙa 30, kuskuren ba ya yin ɓarna sosai. Idan gajera ce, siffar mutum za ta makara, ta rasa amsar da ke nan a fili. Ana iya amfani da siffar da aka auna a ɓera, ko a bar manhaja ta auna siffar daga bayanan. Sharaɗi ɗaya ne: kada a auna siffar daga wasu bayanai sannan a gwada ta a kan su ɗin, domin wannan zagaye ne, kuma Nikolaus Kriegeskorte da abokansa sun yi gargaɗi a kansa a 2009.

Iyakar ƙididdiga

Wannan shi ne wurin da aka fi yin asara. Ana gwada kowace ƙwayar hoto daban. A ce akwai 20,000, aka kuma yarda da kuskure 5 cikin 100 a kowace. Ko babu komai a ƙwaƙwalwar, wajen 1,000 za su haska bisa sa'a kawai. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka sa mataccen kifin salmon a inji, suka nuna masa hotunan mutane, suka yi nazari ba tare da gyaran yawan gwaji ba, sai ga wasu ƙwayoyi sun haska a kansa. Da suka yi gyaran, babu ko ɗaya.

Gyaran iri-iri ne. Akwai mai tsanani da ke hana ko kuskure ɗaya a dukan taswira, akwai na Benjamini da Hochberg na 1995 da ke iyakance kason kuskure cikin abin da aka ce an gano, akwai kuma wanda ke duba girman curin ƙwayoyin da suka haska tare. Na ƙarshen nan ya fi farin jini, amma a 2016 Anders Eklund da abokansa suka nuna cewa da wasu saituna yakan ba da sakamakon ƙarya har kashi 70 cikin 100 a inda ake zaton 5. Hanyar da ta tsira a gwajinsu ita ce ta cuɗanya, inda kwamfuta ke sauya sunayen rukunoni sau dubbai don ta ga abin da sa'a kaɗai ke iya haifarwa. Tana cin lokaci, amma ƙwaƙwalwar ɓera ƙarama ce, kwamfutar cinya ma tana iya yi.

Abin ƙirgawa a lissafin rukuni shi ne dabba. Ɓera 6 da aka ɗauki kowanne sau 5 ɓera 6 ne, ba 30 ba.

Yadda ake gane saiti ya yi

Joshua Carp ya lissafa a 2012 cewa daga zaɓuɓɓukan da aka saba da su ana iya haɗa hanyoyin nazari 6,912 a kan bayanai guda. A 2020 aka ba ƙungiyoyi 70 bayanan mutane iri ɗaya da tambayoyi 9. Babu biyu da suka bi hanya ɗaya, kuma a tambayoyi da dama amsoshinsu sun saɓa. Mai bincike da ke sauya saiti har sai abin da yake so ya fito zai same shi, ko da zuciyarsa ɗaya. Kariya ita ce a gwada saitin a kan abin da aka riga aka san amsarsa, a rubuta shi, a rufe, sannan a buɗe bayanan gwajin.

A ɓera akwai irin waɗannan ma'aunai. Idan aka motsa ƙafar gaba ta dama, sashen jin taɓi na hagu ne zai amsa. A lokacin hutu kuma, sashen jin taɓi na gefe ɗaya ya kamata ya yi tafiya tare da takwaransa na ɗaya gefen, ya kuma bambanta da wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa da ba sa cikin tsari ɗaya. Joanes Grandjean da abokan aikinsa sun yi amfani da wannan ma'auni a kan tarin bayanai 17 na ƙananan ɓeraye a 2020, sannan a 2023 a kan tarin bayanai 65 na manyan ɓeraye daga cibiyoyi 46. Sun tarar da dabbobi da yawa ba su nuna alaƙar da ake tsammani ba: a wasu komai yana tafiya da komai, alamar hayaniya ta rufe siginar, a wasu babu alaƙa ko kaɗan. Daga nan suka fitar da tsarin ɗaukar hoto mai suna StandardRat, aka gwada shi a cibiyoyi 20. Amfanin ma'aunin shi ne ba ya taɓa tambayar da mai bincike ya zo da ita, don haka zaɓen saiti da shi ba ya karkatar da sakamako.

Dalilan cire dabba daga nazari su ma a rubuta su tun kafin a san rukunin da take. Ƙa'idojin ARRIVE, da suka fito a 2010 aka sabunta su a 2020, sun bukaci a bayyana yawan dabbobin da aka fara da su, da waɗanda aka cire, da dalili. Wannan ya wuce batun tsabtar lissafi. Tun 1959 Russell da Burch suka kafa ƙa'idar rage yawan dabbobin gwaji da sauƙaƙa musu wahala, kuma nazarin da aka lalata da saiti mara kyau ya wahalar da rayuka a banza, abin da mai tsoron Allah ba zai ɗauka da sauƙi ba.

Yawancin waɗannan bayanai an ajiye su kyauta a rumbun OpenNeuro bisa tsarin jera fayiloli na BIDS na 2016, manhajojin FSL da AFNI da RABIES kuma ana sauke su ba tare da biyan kuɗi ba don koyo da bincike. Ɗalibi a Gwagwalada, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, yana iya sauke hotunan ɓera 10, ya yi nazarinsu da lailayawa ta milimita 0.5, ya sake da 2, ya cire matsakaicin sigina ya kuma bar shi, ya ga da idonsa yadda taswirar ke sauyawa. Abin da zai rubuta a rahotonsa shi ne sunan manhaja da lambar fitowarta, taswirar da ya yi amfani da ita, kowace lamba da ya shigar a girmanta na gaske, da jerin umarnin da ya ba kwamfuta, yadda wani a Zariya ko Damaturu zai iya maimaitawa ya samu abin da ya samu.